Lambar Rabe a Wuyan Mati

Matso kusa, kai mai karatu, gyara zama in gaya maka abin da ke ƙarƙashin ruwan da ka sha yau da safe. Rannan na ji samarin ƙofar gidana suna hira, ɗaya yana cewa haƙar rijiya ai ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai, ka samu diga ka yi ta sara har ruwa ya fito. Ban tanka mashi ba, don goro ke bakina. Amma maganar ta tsaya mani, shi ya sa na aika aka sayo mani takarda. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, 'yan watanni a rumfar mai unguwa, saboda haka in ka ga alƙalami ya yi tuntuɓe, ka ɗaga shi ku wuce.

Ni mutumin Kankia ne, kuma duk tsawon aikina ban taɓa yarda na yi nisan da zai hana ni cin tuwon gidanmu ran Juma'a ba. Fakuwa, Sukuntuni, Yashe, Kusada, iyakata ke nan. Abokan aiki har tsiya suke mani, wai ni kazar gida ce. Na ce na ji, ai tafiyata ƙasa nike yin ta, in aka haɗa zurfin ramukan da na shiga sun kai wani gari.

Rijiyar farko da na shiga ta wani Bafulatani ce a bayan Fakuwa, lokacin ban gama famfara ba. Kawu Sada, ƙanin uwata, shi ne maigidana a sana'a. Ya naɗa mani tsumma a ƙirji don kada igiya ta yanke ni, ya ɗaure ta ta ƙarƙashin hammata, ya ba ni ƙoƙo. Rijiyoyin da, gindinsu tsukakke ne kamar na turmi, babban mutum ba ya iya sunkuyawa a ciki, don haka in za a yi yasa, wato kwashe laka da tarkacen da suka toshe idon ruwa, yaro ake zurawa. Da na kai ƙasa na ɗaga kai, sama ta koma kamar faifai. Sanyi ya kama mani ƙafa, kwaɗi na ta hawa jikina. Na yini ina cika wasaki, wato gugan fata, da laka ana ja. Ran nan na fiddo guga uku da wata munduwa da ta shekara biyu a ciki, matar da ke da ita ta ba ni ƙwarya guda ta kindirmo, na sha har cikina ya yi ƙara.

Abin da Kawu ya fara koya mani ba haƙa ba ne, maganar igiya ce. Ja ɗaya, a ɗauke wasaki. Ja biyu, a ɗauke ni. Ya ce in na ji ƙasa na zubo mani a ƙeya kamar ana yayyafa gero, kada in ɗaga kai in ce sai na ga mene ne, in ja biyu kawai. Kowace safiya sai ya bi igiyar ramar nan da yatsa daga kai har gindi, yana shinshina ta. Cewa yake igiya ba ta cin amana, kafin ta tsinke sai ta yi gashi, mai ita ne bai duba ba. Kayan aikinmu ba su da yawa: gajeren dagi mai bakin ƙarfe, gatari, ƙoƙo, kwando, wasakin fata. In rami ya yi zurfi iskarsa ta mutu, damin sabara muke ɗaurewa a zura a ja, a zura a ja, har iskar ta motsa.

Sai sanin ƙasa. Wanda ya ce ƙarfi ne kawai, ya gaya mani yadda ake gane inda za a fara. Kawu kan fita da asuba ya duba inda gawo da kanya suka yi lif, ya tona gindin shuri ya ji ko da damshi. In an fara haƙa, kowace gaba sai ya sa ƙasar a baki. Jar ƙasa abokiya ce, tana tsayawa da kanta. Marmara ta wahalar da kai amma ba ta kashe ka. Yumɓu alama ce ta ruwa na kusa. Rairayi mai laushi, wanga da yara ke wasa da shi, shi ne mugu.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Fulani su sallame ka da tunkiya da nono har ka ƙoshi. Mai gari ya haɗa maka dammunan gero. Amma masu hukunci na gaskiya mata ne, don al'ada ce ruwan farko a kai wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin ta ɗanɗana. A Yashe mun yi wata biyu muna fama da marmara, da ruwa ya fito muka kai wa wata tsohuwa, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar, ta ce, "Sannunku 'ya'yana, jakunanmu sun gode." Zartsi ne. Kawu ya yi kwana uku ba ya son a ambaci garin.

Akwai wata al'ada tamu ta mahaƙa, ka riƙe ta da kyau don a kanta labarin yake. Mukan ce igiya ta gida ce, ba ta mutum ba. In ɗayanmu ya kwanta ciwo, ƙaninsa ko wansa ya zo ya shiga a madadinsa, rabon ya tafi gidan. In rami ya nakasa mutum ko ya kashe shi, ɗansa ake ɗauka, kome ƙanƙantarsa, a riƙa zura shi yasa ana ba shi rabon babba. Da haka marayun mahaƙa ke ci. Ba mu da wani tanadi da ya wuce wannan, kuma ya riƙe gidaje da yawa, nawa ma yana ciki, don ubana rami ne ya ci shi.

Bayan an gama yaƙin nan da aka kwashi samari zuwa ƙasashen waje, sai En'e ta fara rijiyoyin siminti. Wani Bature da muke kira Mai Rijiya ya zo ya tara mahaƙa, ya zaɓi Kawu Sada ya zama helima, wato shugaban ayarinmu, aka rataya mashi usur. Muka ga kayan da ba mu taɓa gani ba: diga, shebur, kwanon ɗaukar kankare, injin naɗe igiya na hannu, da wasu faffaɗan ƙarafa da ake haɗawa su zagaye ramin a zuba kankare a bayansu. A haƙa gaba ɗaya, a zuba, ta bushe, a ci gaba. Faɗin ramin mutum biyu su yi aiki ba su gogi juna ba. Ni lokacin na yi gemu, na ga kamar an sa ni a ɗaki.

Ran da aka ɗauke mu wani malami ya karanta mamu doka. Ba a shiga rami sai an zura fitila, in ta mutu ba mai shiga. Wanda bai kai biyan haraji ba, ba ya shiga ko da wasa. Sannan kowa aka ba shi lamba ta farin ƙarfe ya rataya a wuya, aka ce in aiki ya ji wa mai lamba rauni, gwamnati za ta yi mashi magani ta kuma biya shi diyya. Tsofaffi suka yi dariya, suka ce diyya ai sai in akwai wanda ya yi laifin, rami kau ba shi da dangin da za a kama. Dokar yara ita ta fi ɓata wa Kawu rai. Ya yi ta mita, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda bai sha sanyin rami yana yaro ba, ba zai san rami ba. Ni dai tarin da ke tashe ni har yau, a gindin rijiyoyin gargajiya na samo shi ina yaro.

Ga kuskuren da muka yi, kuma babu ɗaya a cikinmu da ya ɗauke shi kuskure. Lambar nan mun ɗauke ta kamar igiya, ta gida ce. Tankifa, mai kiran aiki da safe, yana zaune can gindin icce, lamba yake kira ba suna ba, in an amsa shi ke nan.

Shekarar da ruwa ya ɗauke lokacin gero na fid da kai, ita ce mummunar shekararmu. Rumbuna rabi, tsofaffin rijiyoyi suka ƙafe, mutane na shan kududdufi tare da shanu. Aka tura mu Sukuntuni. A ayarinmu akwai Rabe, mutumin Kusada, gwanin diga. Da bazara ta shigo kurkunu ya fito mashi ƙafa biyu, ko bayan gida sai an riƙe shi. Sai ƙaninsa Mati ya rataya lambar ya zo, yadda iyayenmu suka saba. Mati ya san rami, ya yi aikin gargajiya tun yana yaro, sai dai ba a rubuta shi a En'e ba. Juma'a shida yana amsa lambar wansa.

Muna gaba goma sha ɗaya muka taras da rairayi. Siminti ya ƙare, motar da za ta kawo wani ba ta zo ba. Kowace safiya mata su zo su jera tuluna wofi a bakin rami, su zauna. Rana ta huɗu Kawu ya ce a ƙara gaba ɗaya ba zubi, yana jin ƙanshin ruwa. Ni da Mati muka shiga. Da hantsi na ji yayyafi a ƙeya. Na ja biyu. Ƙa'ida wanda ya fi kusa da igiya shi ke fara fita, ni ne kusa. Ina tsakiyar hanya na ji ƙara a ƙasa kamar an kifar da rumbu. Bango ya zube, ƙarfen zubi na ƙarshe ya zame ya danne Mati.

Na ce a maida ni ƙasa, aka ciro ƙyamaren gidajen mutane aka zuro mani na tokare bangon. Ban ɗauki shebur ba, shebur sai ya sare shi. Ƙoƙo na ce a ba ni. Na fara neman fuskarsa, na share mashi hanci da baki, na ji yana numfashi. Daga nan ƙoƙo ƙoƙo, in kwashe ɗaya rairayi ya maido rabi. Sai la'asar muka ɗaga ƙarfen da igiya uku. Aka ɗauke shi a kan ƙyaure zuwa bakin hanya, wata mota ta kai shi asibitin birni. Bayan wata biyu ya dawo da sanda a hammata, ƙafar hagu an yanke ta ƙasa da gwiwa.

Malamin lebura ya zo daga birni a kan keke don maganar diyya, wani dattijo mai tabarau, mai sanyin magana. Muka taru a zauren su Rabe. Ya buɗe takarda ya kira suna, Rabe ya amsa. Malam ya dubi ƙafafun Rabe, ga tabon kurkunu amma biyu ne cif, ya dubi Mati. Aka yi mashi bayani. Ya cire tabarau ya goge, ya ce takarda ba ta san ƙani ba, wanda aka rubuta shi ta sani, wanda ba a rubuta ba ko ya mutu a ramin ba ma'aikaci ba ne. Sai ya aiki tankifa ya duba mashi iskar keke. Da ya fita, Malam ya rage murya.

"Ni ban san fuskar Rabe ba, Bature ma bai sani ba. Wanda ya dangwala yatsa a takardar nan shi ne Rabe. Ran Laraba za mu zo tare a rufe magana."

Da Malam ya tafi, gida ya ɗauka da surutu. Hansai matar Rabe, wadda tsakaninta da Mati kullum wasan ƙanin miji ne, ta leƙo ta ce to madalla, tunda ya zama Rabe daga yau cefane a wuyansa yake, kuma ta gaya mashi tun yanzu ba ta cin miya ba nama. Mati ya ce ai ko da ƙafa huɗu ba ya iya riƙon mace mai cin tuwo malmala uku. Aka yi dariya, rabon gidan da dariya tun ran da abin ya faru. Amma da aka natsu sai aka ga ramin da ke cikin shawarar. In Mati ya zama Rabe, to Rabe a takarda gurgu ne, ba ya sake samun aikin En'e. Duk da haka dangi suka ce a yi, tsuntsun hannu ya fi na sama. Mati ya ƙi.

"Rami ya ci ƙafata na haƙura, don ina gani ya ci. Sunan da ubana ya yanka mani rago a kai, ba ni miƙa shi da hannuna."

Kwana biyu bayan haka matar Mati ta zo wajen Kawu da ɗansu na fari, Ilu, yana riƙe da dagin ubansa. Gibi biyu ne a bakinsa, famfara yake. Ta durƙusa ta ce hatsin gidan ba ya kai su wata, ta kawo shi ya riƙe igiya kamar yadda aka saba. A ramin En'e doka ta hana, saura ke nan yasar tsofaffin rijiyoyi, wadda har lokacin Kawu kan yi ran Juma'a da yamma. Kawu ya daɗe yana kallon yaron, ya ce su je zai neme su. A hanya ya ce da ni rijiyoyin bana duk sun bushe sun tsattsage, in ya zura yaron nan ba ya jin zai fiddo shi. Mati kuma da ya ji inda aka kai ɗansa, ya aiko wa Rabe cewa a kawo tawadar, zai dangwala.

Ran Laraba gari ya taru a bakin ramin. An ce da Rabe ya zauna a ɗaki kada ya fito. Mai gari ya san shirin, mata sun sani, har yara an ja masu kunne. Mati na zaune a tabarma, Ilu na bayansa. Mai Rijiya ya leƙa ramin, ya zo ya tsaya, ya tambaya ko wannan ne mai lambar, Malam na fassarawa. Aka buɗe tawada. Mati ya fiddo yatsa daga cikin riga, bai kalli kowa ba. Sai Kawu ya sunkuya ya riƙe mashi hannu, ya miƙe ya cire usur daga wuyansa.

"Ranka ya daɗe, lambar ta Rabe ce, ƙafar ta Mati ce. Da sanina ya rataya ta, ni na ce ya shiga, ni na ce a ci gaba da haƙa ba siminti."

Malam ya faɗi wata 'yar gajeruwar magana da Turanci. Kawu ya ce, "Malam, ban jin Turanci amma na san tsawon maganata. Ƙarasa mashi." Malam ya ƙarasa.

Fuskar Bature ta yi ja. Ya tambayi dalili, Kawu ya yi mashi bayanin igiya ta gida tun daga farko, har maganar yaron da ke tsaye bayan ubansa. Sau uku yana sa a maimaita mashi wajen yaron. Ya zauna a kan buhun siminti wofi ya yi ta rubutu, ya tashi ya tafi bai ce ga abin da za a yi ba. Dangin Mati ba wanda ya gaida Kawu ran nan. Hansai ta ce a gabansa, tsoho ya zubar da tuwon yara don ya wanke bakinsa. Mako uku muka yi ba mu san matsayinmu ba, gidan Mati na cin abin da maƙwabta suka miƙa.

Sannan Malam ya dawo da hukunci. Tunda heliman En'e ne ya sa shi aiki da saninsa, Mati ma'aikacin En'e ne, diyya tasa ce da sunansa. Rabe na nan da lambarsa. Helima kuma an kore shi, ba a sake ɗaukarsa. Daga ran nan tankifa ya bar gindin icce, suna yake kira yana duban fuska. Usur ni aka miƙa wa. Na ƙi karɓa, Kawu ya ce, "Karɓi, sakarai, ko so kake a kawo mamu baƙo?"

Mati ya sayi keken ɗinki, ya kafa rumfa a kasuwar Kankia. In an yi mashi jaje sai ya ce keke ƙafa ɗaya yake so, ɗayar dama zaman banza take. Ilu ya tashi a gindin keken, ya fi ubansa iya wuyan riga, kuma har ya yi furfura ko leƙa rijiya ba ya so. Rijiyar Sukuntuni mun ƙarasa ta a gaba goma sha uku, tsohuwar garin ta kurɓa ta ce a ƙaro mata.

Kawu ya koma yasa da farin gemunsa. Abin da ya ba mutane mamaki, bai sake zura yaro ba, ko da ba dokar da ta bi shi can. Shi da kansa yake shiga, ya karkace a tsukakken gindin nan yana kwasa da ƙoƙo, aikin da yaro zai gama da azahar shi sai magariba. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare, bai bar komai ba sai dagi da igiya.

Mahaƙan Kankia da Kusada sun shekara da shekaru suna gardama a kansa. Wasu suka ce caca ya yi da abincin gidan mutane, da Baturen ya zama mai zafin kai da diyya ta tafi, lamba ta tafi, yaron kuma ya shiga rami, alhali dangwale ɗaya ya isa. Wasu suka ce ai shi ya ce a haƙa ba siminti, don haka shi ya kamata ya ɗauka. Ni ina wajen, na san shirin, kuma bakina a rufe yake har aka gama. To kai fa mai karatu, da kai ke tsaye bakin ramin nan da usur a wuya, ga tawada a buɗe, ga gari duka ya shirya rufa maka asiri, ga mutum ya miƙa yatsa zai ba da sunansa don ɗansa, za ka riƙe hannun ko za ka bar shi ya dangwala?